Wutar da Ba a Kashewa: Yadda Injiniyoyi Ke Auna Roka Mai Daskararren Makamashi

 Yau za mu leƙa cikin roka ne, wato injin da ke ɗaga kumbo da tauraron ɗan'adam zuwa sararin samaniya.

Roka galibi iri biyu ce. Akwai mai amfani da makamashin ruwa, wadda ke da tankuna da famfuna da bututai, ana iya ƙara mata wuta, a rage, a kashe, wata ma a sake kunnawa. Akwai kuma wadda za mu yi magana a kanta yau, mai daskararren makamashi. Ita wannan in ka buɗe cikinta ba za ka ga famfo ko tanki ba. Doguwar ganga ce kawai, cike da wani abu mai tauri kamar roba, da rami a tsakiyarsa daga sama har ƙasa, sai mazurari a gindi inda hayaƙi ke fita. Da zarar an kunna ta, bakin alƙalami ya bushe. Ba mai rage mata wuta, ba mai kashe ta, sai ta cinye abin da ke cikinta.

To abin tambaya, injin da ba a iya sarrafa wutarsa bayan ya tashi, ta yaya ake amince masa ya ɗauki 'yan sama jannati, ko tauraron da aka kashe wa miliyoyin daloli? Amsar tana cikin maganar nan ta Hausawa, tun ran gini tun ran zane. Duk abin da rokar za ta yi a sama, lokacin da za ta ƙara ƙarfi, lokacin da za ta sassauta, sakan nawa za ta yi tana ci, an riga an rubuta shi tun a ƙasa, a cikin siffar makamashin da faɗin maƙogwaron mazurarin. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a wannan fanni, kuma shi nake so mu fahimta tare.

Bari in sa muku guda ɗaya a gaba. Kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011, yana da irin wannan roka guda biyu a gefensa, farare, dogaye. Kowace ɗaya tsawonta ya kai mita 45, kaurinta mita 3.7, nauyinta kusan tan 590, kuma kimanin tan 500 daga ciki makamashi ne zalla. Lokacin tashi kowace na tunkuɗawa da ƙarfin da zai ɗaga abu mai nauyin tan 1,200 da ɗoriya. Su biyun ne ke ba da sama da kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da ke raba kumbon da ƙasa. Cikin minti biyu da 'yan sakanni sun cinye tan 500 ɗin nan kakaf, wato kimanin tan 4 a kowane sakan, sannan su rabu da kumbon a nisan kilomita 45 a sama, su sauko da laima cikin Tekun Atalantika, jiragen ruwa su janyo su.

Me ake zubawa a ciki? Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, kuma a can sama babu iska, saboda haka dole roka ta tafi da nata guzurin. A makamashin waccan roka, kimanin kashi 70 cikin 100 wani farin sinadari ne mai kama da gishiri, wanda ke sakin oksijin in ya ji zafi. Kashi 16 garin alminiyam ne, shi ke ƙara wa wutar zafi, shi ne kuma ke sa wannan farin hayaƙi mai kauri da kuke gani a talabijin. Sauran kuwa yawanci roba ce, wadda ke haɗe su wuri guda, ita ma kuma tana ci. Ana kwaɓa su, a zuba cikin gangar bayan an tsayar da wani dogon ƙarfe a tsakiya, a bar shi kwanaki cikin ɗumi ya daskare, sannan a zare ƙarfen. Ramin da ƙarfen ya bari shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya.

Wannan dabara ta zubawa ba ta daɗe ba. Shekaru ɗaruruwa da albarushi ake tuƙa roka, tun daga Sin inda aka fara. A ƙarshen ƙarni na 18 sojojin Tipu Sultan na Maisur a Indiya suka riƙa ɗura albarushin cikin bututun ƙarfe maimakon takarda ko gora, wanda ya sa rokar ta jure matsi mai yawa ta yi nisa, har Turawan Ingila suka kwaikwaya. Amma albarushi dandaƙa shi ake yi, yana tsagewa in ya ajiyu, kuma ba a iya yin babba da shi. A 1942 wani Ba'amurke mai suna Jack Parsons, a Kalifoniya, ya haɗa sinadarin oksijin da kwalta mai zafi ya zuba. Bayan 'yan shekaru aka maye gurbin kwaltar da roba. Daga nan hanya ta buɗe.

Yanzu mu shiga ƙa'idojin. Ta farko ita ce daga ina ƙarfin yake zuwa. Mutane da yawa na zaton roka tana dogara ne da iskar da ke bayanta ta tura kanta gaba. Ba haka ba ne, hasali ma ta fi ƙarfi a inda babu iska. Abin da ke faruwa shi ne tana wurga hayaƙi baya da gudu, shi kuma wurgin yana mayar da ita gaba, kamar yadda Isaac Newton ya bayyana a ƙa'idarsa ta uku. Don haka ƙarfin roka ya rataya a kan abu biyu kacal: nauyin hayaƙin da take fitarwa a kowane sakan, da gudun da yake fita da shi. In ka ninka wannan da wancan, ka sami ƙarfin. Gudun fitar, sinadarai da mazurari ne ke yanke shi, kuma a roka mai daskararren makamashi yana tsakanin kilomita 2 da rabi zuwa kusan 3 a sakan, ba ya canzawa sosai. Abin da ya rage a hannun injiniya shi ne ɗayan, wato yawan hayaƙin.

Nan ne zancen ya yi daɗi. Duk matar da ke girki da itace ta san wannan ilimi. Ki sa gungume guda a murhu, zai yi ta ci a hankali har dare. Ki faskara gungumen nan gida goma ki zuba, wuta za ta tashi bal-bal, ta cinye shi nan da nan. Itacen bai ƙaru ba, abin da ya ƙaru shi ne fuskar da wuta ke iya lasa. Haka makamashin roka yake. Ba ya kamawa gaba ɗaya, a fuska kawai yake ci, yana shiga ciki sannu a hankali, ko'ina da gudu ɗaya. A rokar kumbon nan, wutar na cin kimanin milimita 9 ne a sakan, bai kai santimita ɗaya ba. Ku lura da wannan adadi. Tan 4 a sakan ba daga saurin wutar ya fito ba, ya fito ne daga faɗin fuskar da ke ci, domin dogon ramin nan na tsakiya yana kamawa ne daga sama har ƙasa a lokaci guda.

Daga wannan abu biyu suka fito. Kaurin makamashin, daga bangon rami zuwa bangon ganga, shi ke nuna tsawon lokacin da rokar za ta yi tana ci. Milimita 9 sau sakan 120 ya ba ka mita ɗaya da 'yan kai, kuma kusan haka kaurin yake a waccan roka. Faɗin fuskar kuma shi ke nuna ƙarfin. Saboda haka, a taƙaice, in kana son roka ta daɗe tana ci sai ka ƙara mata kauri, in kana son ta ƙara ƙarfi sai ka ƙara mata tsawo. Shi ya sa da Amurkawa suka tashi gina sabuwar rokarsu ta zuwa wata, wadda ta fara tashi a watan Nuwamban 2022, ba su canza kaurin rokokin gefen ba. Ta kumbon gunduwa huɗu ake haɗawa, sai suka ƙara ta biyar, tsawon ya koma mita 54, ƙarfin ya haura tan 1,600, lokacin ci kuwa yana nan kusan minti biyu.

Sai dai akwai matsala. In ramin zagayayye ne kawai, yayin da wuta ke ci ramin na ƙara faɗi, fuskar na ƙaruwa, ƙarfin na ta hauhawa har ya kai ƙololuwa a ƙarshe. Wannan kuwa akasin abin da ake so ne. A farko ake bukatar ƙarfi, lokacin da rokar ke da nauyi tana fama ta bar ƙasa. A ƙarshe ta yi sauƙi, in ka ba ta ƙarfi mai yawa sai ta jijjiga abin da ta ɗauko. Maganin shi ne a canza siffar ramin. In aka yi shi da siffar tauraro mai tsinaye, a farko fuskar na da yawa saboda lunguna da saƙo-saƙon tsinayen. Yayin da tsinayen ke cinyewa, abin da aka rasa a wurinsu yana soke abin da faɗaɗar ramin ke ƙarawa, sai ƙarfin ya tsaya daidai, ko ma ya ragu, gwargwadon yadda aka zana.

A rokar kumbon Amurka, gunduwar sama tana da ramin tauraro mai tsini 11. An auna tsinayen yadda za su ƙare kimanin sakan 50 bayan tashi, ƙarfin ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Me ya sa a daidai wannan lokaci? Domin a nan ne kumbon ya yi gudu sosai alhali bai fita daga iska mai kauri ba, a nan iska ta fi dukan jikinsa. In aka ci gaba da tura shi da cikakken ƙarfi zai iya karyewa. Bayan ya wuce wurin sai ƙarfin ya sake ɗan hawa. Babu matuƙin da ya taɓa wani maɓalli, babu kwamfutar da ta ba da umarni. Wani injiniya ne ya zauna da lissafinsa shekaru kafin ranar, ya zana tsini 11 da tsawonsu da zurfinsu.

Mu dawo kan mazurari. Hayaƙin da ke taruwa cikin ganga ba shi da mafita sai ta wata matsattsiyar ƙofa da ake kira maƙogwaro. Daga ganga hanya na tsukewa har maƙogwaron, inda hayaƙin ke kai gudun sauti, sannan ta sake buɗewa kamar bakin ƙararrawa, a nan ne yake ninka gudun sauti sau da dama. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Gustaf de Laval, ya ƙirƙiro wannan siffa a shekarun 1880 don injin tururi, Robert Goddard na Amurka kuma ya ɗora ta a kan roka wajen 1915. Girman bakin ƙararrawar ya danganta da inda rokar za ta yi aiki. Wadda za ta tashi daga ƙasa ba a buɗe mata baki sosai, saboda iskar waje za ta danno ciki ta hargitsa hayaƙin. Wadda za a kunna can sama inda ba iska, ana yi mata wawakeken baki don a tatse duk ƙarfin da ke cikin hayaƙin.

Ku ba ni hankalinku a nan, domin wannan gaɓar ita ce mafi hatsari. Matsin da ke cikin ganga yana fitowa ne daga jayayya tsakanin abu biyu: hayaƙin da fuska mai ci ke haifarwa, da wanda maƙogwaro ke iya fitarwa. A manyan rokoki matsin kan kai ninki 60 na iskar da muke shaƙa, ko fiye. Amma makamashin yana da wani hali: in matsi ya ƙaru, saurin cinsa ma ƙaruwa yake yi. Ga zagayen: matsi ya hau, wuta ta ƙara sauri, hayaƙi ya ƙaru, matsi ya sake hawa. Abin da ke hana wannan zagaye zama fashewa shi ne a zaɓi makamashin da bai cika jin zugar matsi ba. Injiniyoyi na da lamba da suke auna wannan hali da ita. Dole ta kasance ƙasa da ɗaya, kuma a makamashin da aka saba amfani da shi tana tsakanin 0.3 da 0.5. Muddin tana ƙasa da ɗaya, in matsi ya hau, maƙogwaro na ƙara fitarwa fiye da yadda wuta ke ƙara haifarwa, sai abin ya daidaita da kansa. In ta kai ɗaya, babu abin da zai tsayar da shi.

Ko da lambar tana da kyau, ƙaramin kuskure girma yake yi. A makamashi mai lamba 0.5, in fuskar da ke ci ta ƙaru da kashi 10 cikin 100, matsin zai ƙaru da kashi 21. In fuskar ta ninka biyu, matsin zai ninka huɗu. To me zai sa fuska ta ƙaru ba da shiri ba? Tsaga. Tsaga guda a cikin makamashin, ko kumfar iska da ta maƙale lokacin zubi, ko wurin da makamashin ya ɓanɓare daga bangon ganga, duk sabuwar fuska ce da ba ta cikin lissafi, kuma wuta za ta same ta. Shi ya sa ake zubin a inda aka zuƙe iska, kuma ake ɗaukar hoton kowace gunduwa da na'ura irin ta hoton ƙashi a asibiti kafin a amince da ita.

Ita gangar ma tana bukatar kariya. Zafin da ke ciki ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas, ƙarfe kuwa yana narkewa ne wajen 1,500, kuma kaurin bangon rokar kumbon bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba. Abin da ke tsare shi shi ne makamashin kansa, domin wutar daga tsakiya take fitowa, ba ta isa bango sai a ƙarshe, sannan akwai shimfiɗar roba mai jure zafi a tsakani. Maƙogwaro ne ba shi da mai kare shi. Shi ke shan wuta daga sakan na farko zuwa na ƙarshe, saboda haka ana yin sa da nau'in gawayi na musamman da ke zaizayewa a hankali, kuma zaizayewar ma tana cikin lissafi. A Disambar 2022 rokar Turai mai suna Vega-C ta faɗi da taurarin ɗan'adam biyu bayan tashi daga Kuru a Giyanar Faransa, kuma binciken ya gano cewa maƙogwaron injinta na biyu ne ya zaizaye fiye da kima, matsi ya zube.

Yanzu bari mu zauna a kujerar injiniya mu auna roka guda tare, da lissafin da ɗalibin sakandare zai iya bi. Akwai ma'aunin da ke nuna aukin makamashi, ana faɗinsa da sakan. Ma'anarsa: tan ɗaya na makamashin, sakan nawa zai yi yana ba da ƙarfin ɗaga tan ɗaya? Albarushi bai fi sakan 80 ba. Daskararren makamashi na zamani yana ba da 240 zuwa 290. Injin ruwa mai ƙona haidurojin yana kaiwa 450. To a ce an ce mana ana son ƙarfin tan 100 na tsawon sakan 60. Mu ninka su, mun sami 6,000. Mu raba da auki, a ce 250, ya ba mu tan 24 na makamashi. Kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi tana ɗaukar kusan tan 1.8, ke nan muna bukatar wuri mai cin irin wannan mita 13 da ɗoriya. Kaurin makamashin kuma, milimita 9 sau 60, santimita 54. Mu sa shi gefe da gefe, mu bar rami mai faɗin rabin mita a tsakiya, gangar ta zama kusan mita 1.6 a kauri, tsawonta kuma ya fito wajen mita 7 da rabi. Maƙogwaron, in muna son matsi ninki 60, zai kasance kimanin santimita 36 a faɗi.

Kun ga daga lambobi biyu mun fitar da siffar roka. Amma wannan zagaye na farko ne kawai. Ramin in ya matse da yawa, hayaƙi na gudu a cikinsa yana goge fuskar makamashin kusa da gindi, wutar wurin ta fi sauri. In ka ƙara matsi don ka sami auki, sai bangon ganga ya nemi ƙarin kauri, nauyi ya ƙaru, ribar ta tafi. In ka ja nan, can ya motsa. Haka za a yi ta komawa kan lissafin har sai komai ya zauna, sannan a gina guda, a kwantar da ita a ƙasa a ɗaure, a kunna, a auna ko gaskiya ta yi daidai da takarda. Har yanayin ranar yana da tasiri: makamashi mai ɗumi ya fi saurin ci, ya ba da ƙarfi mai yawa na gajeren lokaci, mai sanyi kuma akasin haka. Rokoki biyun nan na kumbon, tun da ɗaya na dama ɗaya na hagu, ana zuba gunduwoyinsu ne bibbiyu daga kwaɓi ɗaya, don kada ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi kumbon ya karkace.

Wani zai ce, to me zai hana a gina ƙatuwa guda ta kai mu falaki kai tsaye? Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya ba da amsar tun 1903. Don tauraro ya zauna a falaki yana bukatar gudun kusan kilomita 8 a sakan, in aka haɗa da abin da nauyin duniya da iska ke cinyewa a hanya, ya haura 9. Lissafinsa ya nuna cewa da hayaƙi mai gudun kilomita 2.6 a sakan, sai kashi 97 cikin 100 na nauyin rokar ya zama makamashi, ganga da mazurari da kayan da aka ɗauko duka su raba kashi 3. Ba a iya gina haka. Rokar kumbon kashi 85 ce makamashi, na zamani masu gangar zaren gawayi sun ɗan haura 90. Mafita ita ce hawa-hawa, kowane hawa in ya ƙare a yar da gangarsa, na sama ya ci gaba ba tare da jan mataccen nauyi ba. Rokar Scout ta Amurka hawa huɗu ce, duka daskararru, ta kai tauraro falaki a 1961. Ita ce ta ɗaga tauraron Uhuru a ranar 12 ga Disamban 1970 daga wani dandali a teku kusa da Malindi a Kenya. Japan ma da roka mai hawa huɗu irin wannan ta harba tauraronta na farko, mai nauyin kilo 24, a Fabrairun 1970.

Tun da ba ta kai ta ruwa auki ba, me ya sa ba a yar da ita ba? Saboda a sakannin farko na tashi abin da ake nema shi ne ɗanyen ƙarfi, kuma a nan ba ta da na biyu. Makamashinta na da nauyi a ƙaramin wuri, ba ta da sassa masu juyawa da za su lalace, ana iya ajiye ta shekaru. Shi ya sa Indiya da Turai da Japan da Amurka duk suke ɗaura ta a gefe ko a gindin manyan rokokinsu. Wannan ajiyuwar ce kuma ta sa sojoji ke son ta don makamai masu linzami, dalilin da ya sa ƙasashe ke sa ido sosai a kan wanda ake sayar wa fasahar. Nijeriya ma tana da cibiyar binciken tuƙin roka a Epe ta jihar Legas, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta ƙasa da aka kafa a 1999, ko da yake taurarinmu, tun daga na farko a 2003, rokokin ƙasashen waje ne suka ɗaga su.

Ina da jan kunne ga matasanmu masu ƙirƙire-ƙirƙire, waɗanda nake alfahari da su. Lissafin nan ku yi shi a takarda da kwamfuta iya son ranku, amma kada wanda ya kwaɓa sinadari a ɗaki ko a bayan gida. A watan Agustan 2003, a sansanin Alkantara na ƙasar Barazil, ɗaya daga cikin injinan wata roka ya kama da wuta tana tsaye kwanaki kaɗan kafin harbi, mutum 21 suka rasu, injiniyoyi da ƙwararrun ma'aikata da suka san aikin ciki da bai.

Akwai wani abu da ke yanke girman roka wanda ba ya cikin littafin kimiyya, wato hanyar da za a bi da ita. A shekarun 1960 wani kamfanin Amurka ya gwada injin da kaurinsa ya kai mita 6.6 a jihar Fulorida, wanda a gwajin 1967 ya ba da ƙarfin da ya haura tan 2,600, amma bai taɓa tashi ba. Rokar kumbon kuwa a jihar Yuta ake zuba ta, nesa da teku, sai an ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa Fulorida. Dole aka yi ta gunduwa huɗu, a haɗa a can. Kowace mahaɗa kuma ƙofa ce da wuta za ta iya nema, abin da ke toshe ta zoben roba ne guda biyu, kaurin kowanne bai fi na fensir ba.

Safiyar 28 ga Janairun 1986 an yi sanyin da ba a saba gani ba a Fulorida, ma'auni na nuna kimanin digiri 2 lokacin tashin kumbon Challenger. Daren da ya gabata injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun nemi a ɗaga harbin, domin sun san roba in ta yi sanyi tana sandarewa. Manyansu suka amince a tashi. Lokacin da aka kunna, matsi ya ɗan buɗa mahaɗar ƙasa ta rokar dama, zoben bai yi saurin cike giɓin ba, hayaƙi mai zafi ya sami hanya. Daga baya harshen wuta ya fito ta gefe ya doshi babban tankin makamashin ruwa na kumbon. Sakan 73 bayan tashi kumbon Challenger ya tarwatse da mutum bakwai, cikinsu har da malamar makaranta Christa McAuliffe. A zaman kwamitin bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara a gaban 'yan jarida, ya ciro, kowa ya ga ba ta koma yadda take ba.

An sake zana mahaɗar. Aka ƙara mata leɓen ƙarfe da ke riƙe ɓangarorin biyu kada su buɗe, aka sa zobe na uku, aka naɗa mata na'urar ɗumamawa. Kumbon ya koma aiki a Satumbar 1988, kuma har aka yi masa ritaya a 2011 mahaɗar ba ta sake cin amana ba. Turawa kuma da suka zo gina sabuwar rokarsu ta Ariane 6, wadda ta fara tashi a Yulin 2024, sun kauce wa mahaɗa gaba ɗaya: rokar gefenta ganga guda ce ta zaren gawayi, ana zuba mata tan 142 na makamashi a masana'antar da ke Kuru, kusa da dandalin harbi, ba sai ta hau jirgin ƙasa cike ba.

A nan za mu dakata.